Ku Tambaya Mu Amsa: Yaranmu 'Yan Shekara 11 Zuwa 14 a Makarantar Kirista

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan yaran da suka gama firamare suka shiga ƙaramar sakandare a makarantun Kirista ne. Malaman makaranta, likitan yara da mai ba ɗalibai shawara suka zauna tare suka amsa su. Mun taƙaita wasu wasiƙun, mun kuma cire sunayen masu su.

Tambaya: Ɗana shekararsa 12, bana ya shiga aji ɗaya. Da yaro ne mai fara'a, shi ke ɗaga mana waƙa a sujadar iyali. Yanzu da ya dawo daga makaranta sai ya shige ɗaki, in na faɗi ɗaya ya faɗi biyu, da safe kuwa sai an kai ruwa rana kafin ya tashi. Wata 'yar'uwa a zumuntar mata ta ce ruhun tawaye ne, in sa shi azumi. Ina mafita? (Wata uwa)

Amsa: Mama, ki ci gaba da yi masa addu'a, amma kada ki sa shi azumi. Yana gab da shekarun da yaro namiji kan ƙara tsawon santimita 9 ko 10 cikin shekara guda, yunwa kuwa ƙara masa zafin rai za ta yi. Yawancin abin da kika kwatanta aikin balaga ne. Takan fara wa maza tsakanin shekara 9 da 14, mata kuma tsakanin 8 da 13, kuma ba a jiki kaɗai take tsayawa ba. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da fushi, murna da son yabon abokai yakan farka da ƙarfi tun farkonta. Sashen da ke bayan goshi, mai tsara al'amura, auna ƙarshen abu da kame baki, ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25. Ke nan ɗanki yana jin abu da ƙarfin babba, alhali abin da zai danne shi da shi na yaro ne har yanzu. Wannan bai halatta masa rashin kunya ba, sai dai yana nuna miki inda za ki sa hannu.

Ki fara da barci, don shi ya fi sauƙin gyarawa, shi kuma aka fi mantawa. Da shigowar balaga, sinadarin melatonin mai kawo jin barci yakan makara fitowa da awa ɗaya zuwa biyu, sai yaron da a da ƙarfe takwas yake gyangyaɗi ya kai goma idonsa biyu. Bukatarsa kuwa ba ta ragu sosai ba: likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, daga 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ki ƙirga baya daga lokacin tashinsa. In 5:30 yake tashi, to da 8:30 ya kamata barci ya ɗauke shi. Kada ki jawo lokacin a dare guda, juyi kawai zai yi ta yi a gado. Ki riƙa matso da shi da minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku. A kashe talabijin da waya awa guda kafin kwanciya, a buɗe masa taga da safe haske ya shigo, ranar Asabar kuma kada ya wuce lokacin tashinsa da fiye da awa biyu, in ba haka ba ranar Litinin za a koma gidan jiya.

Sai hira. Kada ki tare shi a bakin ƙofa da tambayoyi. Ki bar shi ya ci abinci ya huta kamar rabin awa. Yaran waɗannan shekaru sun fi sakin baki idan ana wani aiki tare, ba ana kallon juna ido cikin ido ba. "Yaya makaranta?" kullum amsarta "lafiya". Ki tambayi abu takamaimai: da wa ya zauna lokacin hutu, wane malami ne ya fi tsanani. Dokokin da ba a sassautawa kada su wuce huɗu ko biyar, misali lokacin barci, lokacin dawowa gida, ba zagi, ba ƙarya, kuma ya san hukuncin kowace tun kafin ya karya ta. Sauran, irin su rigar da zai sa ko darasin da zai fara karantawa, ki bar masa. In ya ɗaga miki murya, ki ce masa za ku yi maganar in ya huce, ki tashi, ki dawo bayan minti 20 ki zartar da hukuncin ba da doguwar huɗuba ba. Inda iyaye da yawa ke faɗuwa shi ne su tashi, su ƙi dawowa, yaro ya gane cewa tsawa tana kashe magana.

Batun waƙa kuwa, ki saurari muryarsa. In ta fara fashewa, kunya ce ta rufe masa baki. Ki ba shi wani aiki a sujadar, kamar zaɓen nassin da za a karanta, ki hana 'yan'uwansa yi masa dariya. In kika ga ya bar har abubuwan da yake so da abokansa, ki karanta amsarmu ta ƙarshe a wannan shafi.

Tambaya: 'Yata ba ta taɓa wuce ta uku ba a firamare. Zangon farko a sakandare ta zo ta ashirin da wani abu. Ina shirin ɗauko mata malaman darasin gida uku, in kuma cire ta daga ƙungiyar mawaƙa da wasan guje-guje har sai ta farfaɗo. Daidai ne? (Wani uba)

Amsa: Baba, ka dakata tukuna. Saukar maki a shekarar farko ta sakandare sanannen abu ne. Masaniyar ilimi Jacquelynne Eccles da abokan aikinta sun bi ɗalibai a jihar Michigan ta Amurka tun shekarun 1980, suka ga maki da sha'awar karatu suna sauka daidai lokacin wannan ƙaura, suka kuma nuna cewa tsarin makaranta yana da hannu. Yarinyar da ta saba da malami ɗaya wanda ya san ta ciki da bai, yanzu tana gaban malamai da yawa, kowa da littafinsa da dokarsa da ranar karɓar aikinsa.

Kafin ka kashe kuɗi, ka duba abu uku. A gwada idonta, don rashin hangen nesa yakan bayyana ko ya ƙaru a waɗannan shekaru, yaro kuma bai san wasu sun fi shi ganin allo ba. In ta fara al'ada kuma tana yawan gajiya ko jiri, a auna jininta. Sannan ka roƙi malamin ajinta takardun jarrabawar, ku ware kurakuran kashi uku: abin da ba ta sani ba sam, abin da ta sani amma ba ta karanta tambayar da kyau ba, da abin da lokaci ya ƙare ba ta kai gare shi ba. Malamin gida maganin kashi na farko ne kaɗai. A lissafi, sau da yawa giɓin yana can baya, a rabawa da lissafin rabi, sulusi da rubu'i, aljabara kuwa ba ta zama sai da su. In haka ne, malami ɗaya, darasi ɗaya, mako shida, a gwada ta a farko, a gwada ta a ƙarshe.

Sauran aikin na tsari ne. Ƙaramin littafi guda da za ta riƙa rubuta kowane aiki da ranar miƙa shi, kai kuma ka duba shi minti biyu kowane dare. Ta shirya jaka kafin ta kwanta. Karatu minti 25, hutu minti 5, zagaye uku ya isa. Ka lura da yadda take karatun, domin yawancin yara kallon shafi suke maimaitawa har ido ya saba da shi, su ɗauka sun iya. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'i da kwanakin farko take faruwa. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ga ɗaliban da suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna sun fi masu maimaita karantawa riƙe shi bayan mako guda. To ta karanta, ta rufe littafi, ta rubuta abin da ta tuna, ta buɗe ta gyara da biro mai wani launi. Ta sake washegari, ta sake bayan kwana uku, ta sake bayan mako.

Waƙa da guje-guje ka bar mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan 5 zuwa 17 suna bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a rana, a ƙungiyar mawaƙa kuma take samun ƙawaye da malamin da ya san sunanta. Ka rage tambayar ta nawa ta zo, ka gwada makinta na kowane darasi da nata na zangon baya.

Tambaya: 'Yata mai shekara 13 ta tambayi malamin addini a aji me ya sa Allah yake barin jarirai su mutu. Ya ce Shaiɗan ne ke magana da bakinta, aji ya fashe da dariya. Tun daga ranar ba ta yin addu'a, ta ce ba ta ma tabbata akwai mai ji ba. Hankalina ya tashi. (Wata uwa)

Amsa: Mama, malamin ya yi kuskure, kuma ya kamata ya sani. A waɗannan shekaru tunanin yaro yakan tashi daga haddace abin da aka gaya masa zuwa gwada magana da magana: in Allah mai iko ne kuma mai ƙauna, yaya wannan? Yarinyar da ta yi wannan tambaya tana ɗaukar bangaskiya da muhimmanci. Luka sura 2 ta nuna mana Yesu yana ɗan shekara 12 zaune a tsakiyar malamai a haikali, yana sauraro yana kuma yi musu tambayoyi. Littafin Ayuba kusan dukansa a kan tambayar 'yarki yake. Habakuk da ita ya buɗe annabcinsa, Zabura 13 ma haka. Toma ya yi shakka, Yesu bai kore shi ba, ya nuna masa hannuwansa. Wasiƙar Yahuza aya 22 ta ce a ji tausayin masu shakka.

Ki zauna da ita ku biyu, ki fara da cewa tambayarta mai kyau ce, abin da aka yi mata a aji kuma bai dace ba. Daga nan ki tambaye ta abin da ya kawo tunanin. Sau da yawa akwai rasuwa a ƙarƙashinsa, ta ƙanin wata ƙawa ko wani labari da ta gani, yarinya mai baƙin ciki kuwa ta'aziyya take bukata kafin muhawara. Kada ki yi gaggawar rufe zancen da aya ɗaya. Kina iya ce mata manyan masu bi sun daɗe suna kokawa da wannan tambaya, ku karanta ɗaya daga cikin wuraren nan tare. Ki bukaci ta zauna a sujadar iyali cikin ladabi, amma kada ki tilasta mata yin addu'a da ƙarfi. Abin da tilas ke koya wa yaro shi ne faɗin abin da bai yarda da shi ba. Masanin zamantakewa Christian Smith, wanda ya jagoranci babban bincike a kan addinin matasan Amurka tun farkon shekarun 2000, ya samu cewa ba wanda ya kai iyaye tasiri a kan bangaskiyar 'ya'yansu, ko da yaran suna nuna kamar ba sa ji. Yadda kike rayuwa da yadda kike zancen Allah a gida yana shiga.

Sannan ki je makarantar. Ki fara ganin malamin shi kaɗai, cikin natsuwa, ki nemi ya kira ta ya ba ta haƙuri, ya kuma koma ajin ya amsa tambayar da girmamawa. In ya ƙi, sai shugaban makaranta. Ga malaman addini masu karanta mu: ku ajiye akwatin tambayoyi da ba a sa suna, ku ware minti 15 a mako don amsa su. Ku raba makin jarrabawa da bangaskiyar zuciya, don ana iya gwada ko yaro ya san tafiye-tafiyen Bulus, amma ba a ba tuba maki. Ku yi hankali da kiran fitowa gaba a taron ɗalibai: ɗan shekara 12 zai tashi don kawai abokansa sun tashi, ko don malami na kallo. In akwai 'ya'yan wasu addinai a ajin, kada a mai da su abin misali.

Tambaya: Ni malamar aji biyu ce. Jini ya ɓata wa wata ɗalibata siket a aji, maza suka yi ta dariya, ta yi kwana uku ba ta zo ba. Na nemi mu koyar da batun balaga, shugaba ya ce makarantar Kirista ce, kada mu buɗe wa yara ido. (Wata malama)

Amsa: Malama, ki fara da yarinyar. Ki kira uwarta yau, ki shirya yadda za ta dawo ta zauna kusa da ƙawarta, ki yi wa mazan magana lokacin da ba ta nan. Kowace rana da ta ƙara a gida, dawowa ƙara mata nauyi take.

Shugaba kuwa tsoron iyaye yake, don haka ki kai masa tsari a rubuce. Zama huɗu, kowane minti 40, a zangon farko na aji ɗaya, tunda yawancin 'yan mata suna fara al'ada a shekara 12 zuwa 13, wasu tun 10. A fara gayyatar iyaye a nuna musu duk abin da za a koyar. Zama biyu a raba maza da mata, mace ta koyar da mata, namiji ya koyar da maza, ma'aikacin jinya ya taimaka. Tushen koyarwar yana cikin Zabura 139, cewa Allah ne ya yi jikin nan, ya kuma yi shi da ban mamaki.

'Yan mata su san cewa al'ada takan zo kamar shekara biyu bayan ƙirji ya fara fitowa, a shekarun farko kuma tazararta kan kama daga kwana 21 zuwa 45. A canja audugar mata duk awa 4 zuwa 6. A ga likita in jini ya wuce kwana 7, ko yana jiƙe auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko ciwon mara yana hana zuwa aji, ko an yi wata uku bai zo ba, ko yarinya ta kai 15 ba ta fara ba. Maza su san cewa zubar maniyyi cikin barci aikin jiki ne, ba zunubin da suka aikata ba. Yara da yawa suna ɗauke da wannan laifi a ransu shekara da shekaru don ba wanda ya gaya musu. Kusan rabin yara maza kan ga ɗan kumburi a nono, yakan baje cikin wata shida zuwa shekara biyu. Wanda ya kai 14 ba alamar balaga, a kai shi asibiti. Mazan ma a koya musu mene ne al'ada, don dariyar da suka yi rashin sani ne ya haife ta.

Makaranta ta ajiye akwati mai auduga, siket na canji da sabulu a wurin malama mace, bayin mata ya kasance da sakata, ruwa da kwandon shara mai murfi, yarinya kuma ta iya fita aji da alama ba sai ta yi bayani a gaban kowa ba. A koyarwar tsarki, kada a ɗora wa mata duk nauyin, kada kuma a yi amfani da misalan da ke cewa yarinyar da aka taɓa ta lalace. A cikin masu sauraro ana iya samun wadda aka ci zarafinta, irin wannan magana kuwa rufe mata baki take yi.

Tambaya: Manyan ɗalibai uku suna ƙwace wa ɗana kaya suna dukansa. Da na kai ƙara, aka tara su aka sa suka yi musafaha, aka ce ya gafarta sau saba'in sau bakwai. Washegari suka lakaɗa masa duka don ya kai su ƙara. (Wani uba)

Amsa: Baba, an yi wa cin zali maganin faɗa. Dan Olweus, wanda ya fara binciken wannan matsala a makarantun ƙasashen arewacin Turai tun shekarun 1970, ya bambanta su da alamu uku: cin zali da gangan ake yi, ana maimaita shi, ƙarfi kuma ba ɗaya ba. Sulhu na tsararraki ne da suka saɓa. In aka zaunar da mai rauni gaban masu dukansa, zai ce ya yafe don tsoro, su kuma sun san wanda ya tona su. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabaci tambayar, sunan Kirista a ƙofar makaranta kuwa ba ya kore wannan. Ka tuna wa shugaba cewa Matiyu 18, surar da ta yi zancen saba'in sau bakwai, ita ce a aya 6 ta yi kashedi mai tsanani ga wanda ya sa ɗaya daga cikin ƙanana tuntuɓe. Gafara aikin zuciyar ɗanka ce, zai kai gare ta a hankali. Kare shi aikin manya ne, kuma ba ya jira.

Ka rubuta kowane abu: rana, lokaci, wuri, wa ya gani, da hoton rauni in akwai. Ka miƙa ƙarar a rubuce, ka riƙe kwafi. Ka nemi a ji kowane yaro shi kaɗai, a kira iyayen ukun, a yanke hukuncin da dokar makaranta ta tanada, a gaya musu cewa ramuwa laifi ne da ya fi na farko. A sa malami a wurin da abin ke faruwa, yawanci bayi, bayan azuzuwa, layin abinci ko ɗakin kwana. In za a sauya wa wani wurin zama ko ɗaki, masu laifin za a sauya wa. A ba ɗanka malami ɗaya da zai riƙa ganinsa kullum na mako biyu, daga nan mako-mako har ƙarshen zango. In an kai mako biyu ba abin da ya canja, ka kai maganar ga hukumar gudanarwar makarantar. In akwai rauni mai tsanani ko taɓa tsiraici, asibiti da hukuma za ka nufa kai tsaye.

Tambaya: Makarantarmu ta hana bulala. Ni kuwa na san Karin Magana 13:24, mai zancen horon yaro da sanda, na kuma san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da me zan riƙe aji? (Wani malami)

Amsa: Malam, horo wajibi ne, a nan ba mu da saɓani. Amma Afisawa 6:4 da Kolosiyawa 3:21 sun ja kunnen iyaye maza kada su tsokane yara har su fusata ko su karai, ɗan shekara 13 kuwa ba abin da ke karya shi kamar a ci masa fuska gaban tsararsa. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor suka tattara binciken shekaru da dama da ya shafi yara fiye da 160,000, suka ga duka yana tafiya da ƙarin taurin kai da faɗa.

Ka kafa dokoki biyar a makon farko, ka sa a gwada su a aikace: yadda ake shigowa, yadda ake neman magana, yadda ake miƙa aiki. Ka tsaya a ƙofa ka gaishe su da suna, aikin minti biyar yana jiransu a allo, don yawancin hayaniya a farkon darasi take tashi. Kada ka wuce minti 10 zuwa 15 kana bayani ba ka ba su abin yi ba. In yaro ya kauce, ka matsa kusa da shi kana ci gaba da darasi. In bai daina ba, gargaɗi a hankali a kunnensa, sai canjin wurin zama, sai tsayawa minti 10 bayan darasi, sai kiran iyaye. Hukunci ya dace da laifi: wanda ya ɓata bango ya wanke shi. Tabbacin hukuncin ne ke aiki, ba zafinsa ba, don haka kada ka yi barazanar abin da ba za ka yi ba. Kada ka hukunta aji duka don mutum biyu. Kada kuma ka sa yaro kwafe ayoyi sau ɗari ko durƙuson addu'a a matsayin horo, don zai girma yana jin Littafi Mai Tsarki a matsayin abin azaba.

Tambaya: 'Yata mai shekara 12 ta dame ni sai na saya mata waya, wai duk ajinsu suna da ita. (Wata uwa)

Amsa: Mama, in don kira ne, ƙaramar waya marar intanet ta wadatar. Facebook, Instagram da TikTok su kansu shekara 13 suka sa a matsayin mafi ƙaranci a yawancin ƙasashe, yaro kuma sai ya yi ƙaryar shekaru kafin ya shiga ƙasa da haka. In lokacin babbar waya ya yi, ki saita Family Link ko Screen Time, wato tsarin da ke ba iyaye damar sa ido a kan wayar yaro, ki san lambar sirrin kuma ta san kin sani, wayar ta kwana a ɗakinki. Ki yi mata alkawari ɗaya ki cika: in wani ya aiko mata hoton batsa ko ya nemi hoton tsiraicinta, ta gaya miki, ba za ki ƙwace wayar ba. Tsoron ƙwacewa ne ke sa yara ɓoyewa. In abin ya faru, kada a biya mai barazana, kada a goge saƙonnin, a kai rahoto.

Tambaya: Ni ke kula da sujadar ɗalibai. Wata yarinya 'yar 14 ta nuna mini yanka a hannunta, ta ce da ma ta mutu ta huta, ta sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Na yi mata addu'a. Ya isa? (Wani malami)

Amsa: Malam, bai isa ba, kuma yau za ka motsa. Ka koma wurinta tare da malama mace, ka gaya mata gaskiya: ranta ya fi alkawarin nan, za ka sanar da waɗanda za su taimaka kaɗai, tana iya zaɓar wadda za ta zauna da ita lokacin. Ka tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, ko ta shirya yadda za ta yi, ko abin yana hannunta. Bincike ya nuna irin wannan tambaya ba ta dasa tunanin, sauƙi ma takan kawo. In akwai shiri, kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya, a kai ta asibiti a ranar. Ko babu shiri, likita ya gan ta cikin kwanakin nan. A sanar da shugaba da iyaye, sai fa in a gidan ake cutar da ita, sai a bi ta hukumar kare yara. A gida a kulle magunguna, maganin ƙwari da abubuwa masu kaifi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ciwon damuwa a matasa sau da yawa da fushi yake fitowa, ba da kuka ba. Abin dubawa shi ne canjin da ya kai mako biyu: barin abokai da abubuwan da ake so, sauyin barci ko cin abinci, faɗuwar maki, yawan ciwon kai ko ciki, sa riga mai dogon hannu cikin zafi don ɓoye rauni. Kada kowa ya ce mata rashin bangaskiya ne ko aljanu, kada a fito da ita gaban taro don addu'a. A 1 Sarakuna 19 annabi Iliya ya roƙi mutuwa, Allah bai tsawata masa ba, ya ba shi barci da abinci kafin magana. Ka ci gaba da yi mata addu'a, tare da likita.

Ka rubuta ranar da kalmominta kamar yadda ta faɗa, ka miƙa wa shugaba a rufe. Daga yau duk ganawa da ita a wurin da ake hango ku za a yi, ƙofa a buɗe, ba saƙon waya tsakaninku biyu. Malama ɗaya ta riƙa ganinta kowace rana a makon farko, sannan mako-mako, kafin a tafi hutu kuma a zauna da iyaye a rubuta wanda zai ci gaba da dubanta da ranar komawa wurin likita.